Takardar Injin Ƙyanƙyasa

Ranar da Auta ta ajiye aikin koyarwa, Yaya ne ya fara jin labari, kuma shi ya fara yi mata dariya. Ta same shi a shagonsa na kayan lantarki yana farke kwalin wata sabuwar fanka, ta tsaya a bakin kanta ta gaya masa ba tare da ta zauna ba.

"Wane irin aiki kika ce?" ya tambaya.

"Rubuta takardar bayani. Wadda ake sakawa cikin kwali, mai nuna wa mutum yadda zai yi amfani da abin da ya saya."

Yaya ya cusa hannu cikin kwalin, ya zaro takardar da yatsu biyu kamar wanda ya kamo ɓera ta wutsiya. "Wannan? Ke Auta, da ita nake goge kanta! Ashe mutum ne ke rubuta ta? Ni na ɗauka injin ne ke haifo abarsa."

"Ana yar da ita ne don wanda ya rubuta bai san mai karantawa ba."

"To ke kin san shi? Albashinki na zuwa duk wata, kin sa ƙafa kin shure. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ba ki sani ba."

"Na ji, Yaya. Ba shawara na zo nema ba, sanarwa na kawo."

Ta juya ta fita yana kiran sunanta. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗauki nauyin karatunta, saboda haka maganarsa ta yi mata zafi fiye da yadda ta nuna. Amma ta daɗe da yanke shawara. Shekaru ta yi tana koyar da harshe da insha'i a makarantar sakandare, duk jawabin da shugaban makaranta zai karanta ita ke rubutawa, har malamai na kiranta mai alƙalamin zinariya. Ta gaji da rubutun da ake tafa wa a manta. A ranakun hutu ta bi wasu darussa ta waya kan wannan sana'a, ta kuma ji a jikinta cewa wanda ya iya jawabi ba zai kasa bayanin inji ba.

Wani ƙaramin kamfani a bayan gari ya ɗauke ta gwaji. Injin ƙyanƙyasar ƙwai suke haɗawa, akwati ne fari mai ƙofar gilashi, girmansa bai wuce ƙaramin firji ba. Manaja mutum ne mai fara'a da yawan turare. Ya ba ta tebur a lungun ofis kusa da injin buga takardu, ya miƙa mata takardar tallar injin da wasu zane-zane, ya ce, "Malama, ki rubuta mana abu mai daɗi. In kina da tambaya ga Injiniya can."

Injiniyan kuwa, ma'aikata na kiransa Ka-Gane a bayan idonsa, don ba ya rufe magana sai da wannan kalma, ko da mace yake yi wa. Ta leƙa wurin aikinsa sau ɗaya. Yana sunkuye kan wayoyi, ya zazzago mata bayani kamar ruwan sama, rabinsa ba ta san ma'anarsa ba, ya ƙare da, "Ka gane?" Kunya ta hana ta cewa a'a. Malama guda, a ce ba ta gane ba? Ta gyaɗa kai ta koma teburinta.

Ta zauna ta zuba basira. Da ta gama ta karanta, ita kanta abin ya burge ta. Sai dai a darussan da ta bi an ce kada a yarda da takarda sai an gwada ta a kan wanda bai taɓa ganin kayan ba, kuma marubuci ya zauna gefe ya kama bakinsa. Ta roƙi Manaja aron injin gwaji, ta ɗora shi a mota ta nufi gidan Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinsu ce, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya ta koma kiwon kaji a bayan gida. Bakinta ba ya da linzami. Ta sa tabarau, ta zauna gaban injin a tsakar ɗaki, ta ɗaga takardar ta fara karantawa da ƙarfi.

"'Muna taya ka murnar mallakar wannan na'ura mai albarka, wadda za ta buɗe maka sabon babi a rayuwa.' To madalla, na gode. Ina makunnin?"

Auta ta buɗe baki, ta tuna doka, ta rufe.

"Kuma wane ne wannan 'ka' da ake ta taya murna? Mijina ya rasu, ni ce mai kajin."

Gwaggo ta ci gaba. A shafi na biyu an ce ta ciro faranti. Ta ciro. A na uku an ce ta goge tire. Ta leƙa cikin injin, ta leƙa bayansa. A na huɗu aka ce ta mayar da mazaunin ƙwai.

"Ke 'yar nan, an cuce ku. Abu uku takarda ta ce, ɗaya suka sako."

"Duk abu ɗaya ne, Gwaggo," Auta ta ce a hankali. "Na ƙi maimaita kalma ne, don kada rubutun ya yi gundura."

"Au! Ashe waƙa kika rubuta mini."

Abin da ya fi muni ya zo daga baya. Takarda ta ce a jona injin a wuta, Gwaggo ta jona. Ta ce a zuba ruwa a mazubin da ke ƙasa, Gwaggo ta ɗauko kofi ta tuttula, ruwa ya malalo har kan wayar wuta. Sai a ƙasan shafin ta karanto gargaɗi cewa kada a zuba ruwa alhali injin na jone, kuma kada a wuce jan layi. Auta ta yi tsalle ta fizge wayar daga bango.

Gwaggo ta cire tabarau ta dube ta. "Da a ɗakin haihuwa ne, kin bari na yanke cibiya sannan kika ce in wanke hannu."

Auta ta koma gida fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi. Yaya ya ji labari a bakin Gwaggo, ya aiko mata saƙo a waya cewa ya ji har yanzu ba a cike gurbinta a makaranta ba. Ta kife wayar.

Da safe ta ɗauki kujerarta daga ofis, ta kai ta wurin aikin Ka-Gane, ta dasa kusa da bencinsa.

"Lafiya?" ya ce.

"Lafiya lau. Rannan ka tambaye ni ko na gane, na ce e. Ƙarya na yi, ban gane komai ba. Yau zan yi ta tambaya har sai na gane, ko ka kore ni."

"Ina da aiki, Malama."

"Yi abinka. Ina da ido."

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Ta zauna. Da ya ɗauki wani abu sai ta ce mene ne wannan, me yake yi, in ya lalace me mai kaji zai gani da idonsa. Ya amsa da kalmomin injiniyoyi, ta ce ya sake faɗa kamar yana yi wa kakarsa bayani. Ya ce kakarsa ba ta da wannan naci. Yaran aiki suna ta ƙunshe dariya. Kafin mako ya ƙare ya gaji da korar da ba ta koruwa, ya miƙa mata sukundireba ya ce ta kwance injin da kanta ta mayar. Ta kwance, ta mayar, ƙusa biyu suka rage a hannunta. Ya sa ta sake. Ta ƙona yatsa a jikin wayar ɗumama, ta koyi dalilin da ya sa fankar cikin injin ke juyawa ko an kai zafin da ake so, ta san cewa ƙwai na buƙatar danshi kamar yadda yake buƙatar zafi, kuma buɗe ƙofa barkatai ya fi kashe shi fiye da komai.

Ta sake rubutu daga farko. Ta share murna da sabon babi. Kowane abu ta ba shi suna ɗaya ta riƙe shi har ƙarshe. Kowane layi aiki ɗaya. Gargaɗi ya dawo kafin matakin da ya shafa, cikin akwatin da ido ba zai tsallake ba. "Ka zuba" ya koma "a zuba", ya ɗauki mace da namiji. Ta ɗauki hotuna da wayarta ta ja kibiya kan kowane maɓalli. Jimlolin da ta fi so su ne suka fara tafiya, tana gogewa tana jin kamar tana cire haƙori.

Ta sake kai injin gidan Gwaggo. Wannan karon Gwaggo ta bi takardar daga farko har ƙarshe ba ta ɗago kai ba. Da fitilar injin ta yi kore, sai ta ce, "To. Ba daɗin karatu, amma na iso." Ta tashi ta kwaso ƙwan kajinta masu kyau, waɗanda ta daɗe tana tarawa, ta jera su a faranti. "Bari mu gani ko akwatin naku ya kai kaza."

Sama da mako komai na tafiya daidai. Sai wata safiya aka ɗauke wuta a unguwar, wani babban abu ya ƙone a layin. Gwaggo na shirin tafiya duba wata ƙawarta a asibiti. Ta buɗe takarda ta nemi wurin da aka yi maganar ɗaukewar wuta, ta karanta: in wuta ta ɗauke, injin zai riƙe zafinsa daga safe har yamma, muddin ba a buɗe ƙofa ba. Ta rufe ɗakinta ta tafi hankali kwance. Da ta dawo tun kafin yamma, gilashin ya yi sanyi kamar randa.

Ita da Auta suka ci gaba da kunna shi bayan wuta ta dawo, ko Allah zai sa. Ranar ƙyanƙyasa ta zo ta wuce, ba ko tsako ɗaya. Gwaggo ta fasa guda a bayan gida, ga ɗan tsako ya fara kama siffa ya tsaya. Sauran duk bara-gurbi.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damun Auta ke nan. Ta dai nuna mata layin da yatsa ta ce, "Wannan, kin gwada?"

Ba ta gwada ba. Duk sauran ta taɓa da hannunta, wannan layi kaɗai ta kwafo daga takardar talla, don ta ga kamfani ne da kansa ya buga.

Ta mayar da injin wurin Ka-Gane, ta kunna shi ya yi zafi, ta zare wayar wuta ta zauna gabansa tana kallon ma'aunin zafi. Tun rana ba ta kai tsaka ba ya sauka ƙasa da abin da ƙwai zai jure. Ta sake gwadawa da wani injin sabo fil, haka ya yi. Ta kira Ka-Gane ta nuna masa.

Ya sosa ƙeya. "Da babban batir aka yi wancan gwajin. Batirin daban ake sayar da shi, ka gane?"

"Takardar talla ba ta ce haka ba."

"Ba ni na rubuta ta ba."

"Amma ka karanta."

Ya sunkuya kan wayoyinsa.

Ta gyara layin: idan babu ƙarin batir, injin zai huce cikin ɗan lokaci, kada a bar ƙwai a ciki ba tare da wata hanyar wuta ba. Ta sa shi cikin akwatin gargaɗi a shafin farko, ta kai wa Manaja.

Ya yi ta buɗe shafuka yana murmushi yana yaba hotuna, har ya dawo kan akwatin. Murmushin ya tsaya.

"Malama, wannan ai kashe kasuwa ne. Wa zai sayi injin da takardarsa ke ba shi tsoro tun daga shafin farko?"

"Wanda zai sayi batir tare da shi, Yallaɓai. Ko wanda ke da janareta."

"Masu sayen kayanmu ƙananan masu kiwo ne. Suka ji batun batir, sai su tafi wurin wasu. Su wasun kuma kin san abin da suke rubutawa? Ya fi namu. A bar kaza cikin gashinta. Ki mayar da layin yadda yake."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba. Ƙwan gwaggota ya mutu a kan layin nan, kuma da hannuna na rubuta shi. Sau ɗaya na yi cikin rashin sani. In na sake, da gangan ne."

"Za mu biya ta ƙwanta."

"Sauran gwaggonnin fa?"

Ya aika a kira Ka-Gane. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya tsaya bakin ƙofa. Manaja ya tambaye shi ko ƙarya ne injin na riƙe zafi har yamma. Ka-Gane ya dubi silin, ya ce ya danganta da yanayi, da batir, da yadda aka rufe ƙofa. Karo na farko tun da ta san shi, bai ƙare da kalmarsa ba.

"Kin ji," Manaja ya ce. "Ya danganta. Mun ɗauke ki ki rubuta abin da muka ba ki, ba ki zama alƙali ba. Kuma ki tuna gwaji kike."

"Na tuna, Yallaɓai. Ni ma gwada ku nake."

Manaja ya rufe takardar ya ture ta gefe, ya ce gwajin ya ƙare, ta wuce wurin akawu. Ta ce to. Ta nemi izinin riƙe kwafin aikinta don nuna wa masu ɗaukar aiki, in ta cire sunan kamfani. Ya kaɗa hannu ya ce ta tafi da shi, ba abin da zai yi da shi. Ta fita ƙofar kamfanin. Ta zauna kan wani dakali a bakin titi, jaka a cinya, motoci na wucewa.

Yaya ya zo gidan Gwaggo da yamma, ya same su suna wanke farantin ƙwai.

"An kore ki ke nan," ya ce.

"An kore ni."

"A kan layi ɗaya. Layin da ba wanda zai karanta."

"Ni na karanta," Gwaggo ta ce, ba ta ɗago ba.

Yaya ya zauna ya sassauta murya. "Auta, ba ƙin ki nake ba. Gobe in kai ki wurin shugaban makarantarku, mu ba shi haƙuri. Mutum ba ya cin gaskiya ya ƙoshi."

"Yaya, na gode. Ba zan koma ba. A da ina cewa na iya aikin nan, ashe ban iya ba. Yanzu da na fara iyawa ne zan bari?"

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce taurin kan nan ba a wurin uwarsu ta gado shi ba. Gwaggo ta ce ta san inda ta gado shi, kuma ba ta ba kowa haƙuri.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ta aika takardun neman aiki wurare da dama, yawanci ko amsa babu. Wasu suka ce suna son mai digirin injiniya, wasu mai shekaru a aikin. Don kada hannunta ya yi sanyi, ta bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya tana rubuta musu bayani: keken ɗinkin maƙwabciya, famfon ruwan gidan Gwaggo, manhajar da ake biyan kuɗin wuta da ita. Kowanne sai ta ba wani ya bi, ita tana gefe bakinta a rufe. Ta koyi zana hoto mai sauƙi a kwamfuta. Ta sayar da sarƙarta. Ta ji labarin injin ƙyanƙyasar ya fito kasuwa da takardar da wani ya rubuta, da layin nan a ciki yadda yake. Ranar ba ta iya cin abinci ba, amma washegari ta koma kan teburinta.

Daga ƙarshe wani kamfani mai shigo da kayan asibiti ya kira ta. Shugabar sashen rubutu mace ce siririya mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta duba ayyukan Auta shafi-shafi, ta daɗe a kan na injin ƙyanƙyasa.

"Me ya raba ki da waɗannan?"

Auta ta yi niyyar cewa gwaji ne ya ƙare kawai. Sai ta faɗi abin da ya faru duka, har da layin da ta kwafa ba ta gwada ba. Shugabar ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta jawo wani ƙaramin inji daga ƙarƙashin tebur, mai tiyo da abin rufe hanci, irin wanda masu ciwon asma ke shaƙar magani da shi a gida.

"Uwa ce za ta yi amfani da shi, ɗanta na kokawa da numfashi, hankalinta a tashe. Rubuta mini shafin farko."

"Zan iya ganin mai gyaransa tukuna? Da nas guda, in akwai. Kuma ina so in kunna shi."

Shugabar ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗaga waya ta kira wani.

Gwaji aka sake ɗaukarta, albashin bai kai na makaranta ba. Shafin farko da ta miƙa ya dawo mata ja-wur da jan biro, kusan ba layin da ya tsira. Ta zauna ta bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, ta ga duk gaskiya ne, ban da guda. Shugabar ta mayar da maganar wanke tiyo can ƙarshen littafi, ita kuwa nas ta gaya mata cewa tiyo mai datti shi ke mayar da yara asibiti. Ta ɗauki shafin, ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

"Ranki ya daɗe, na karɓi sauran duka. Wannan ɗaya ban yarda ba."

Shugabar ta ajiye biro, ta tura mata kujera da ƙafa. "Zauna ki gaya mini dalili."